Sallah a Cikin Kulle: Aikin da Ya Faɗo Kan Unguwa a Kano, 2020

Ɗanlami: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau hirarmu kan shekarar korona ce a Kano, amma daga ƙasa za mu dube ta, daga ƙofar gidan mai unguwa. Ina tare da Malam da Hajiya kamar kullum. Allah gafarta Malam, fara jera mana kwanakin, don mutane sun soma cakuɗa su.

Malam: Wa alaikumus salam. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano. Ranar Alhamis 16 ga wata da dare gwamnatin jiha ta kulle gari. Azumi ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara nasa kullen na mako biyu a kan Kano. Ƙaramar sallah ta faɗo Lahadi 24 ga Mayu, babba kuma Juma'a 31 ga Yuli. Ka ga azumi gaba ɗayansa a cikin kulle aka yi shi. Kar kuma a manta, ranar 9 ga Maris aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu aka naɗa Aminu Ado Bayero, wato sallar farko ta sabon sarki ce ta zo babu hawa.

Hajiya: A saka har da mace-macen Afrilu, Malam, domin su suka sauya yadda mutane ke jin maganar. Kafin nan ana cewa cutar masu hawa jirgi ce. Sai masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartu suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Ta hanyar tambayar iyalan mamatan aka gano hakan, don ba a gwada gawarwakin ba. Wa ya san gidan da aka yi rashi a lungu? Mai unguwa da liman. Tun daga nan za ka ga inda aikin yake.

Ɗanlami: To bari mu warware wannan. Wanda ba ɗan Kano ba in ya ji "majalisar unguwa" zai zaci ofis ne mai tebur da hatimi.

Malam: Layi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai na sarauta: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Akwai na siyasa: jihar na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. A tsakaninsu sai kwamitin masallaci, ƙungiyar ci gaban unguwa, 'yan sintiri, da kwamitin mazaɓa da ke kula da ƙaramin asibiti. In abu ya taso, waɗannan ne ke zama a zauren mai unguwa ko bayan sallar isha'i a masallaci. To kulle ya hana zaman kansa. Matsala ta farko ke nan: wurin da aka saba yanke shawara shi aka rufe.

Hajiya: Shi ya sa kwamiti mai mutum talatin bai yi amfani ba a lokacin. Wanda ya yi aiki shi ne ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai: mai unguwa, liman, ma'aji, ma'aikacin lafiya, shugaban matasa, da mace aƙalla ɗaya. Ina jaddada macen nan. Gidajen kulle na aure sun riga kullen gwamnati, namiji ba ya wuce zaure. Matan da ke bin gida-gida don allurar shan inna sun san gidan da aka haihu, sun san mai ciki, sun san tsohuwar da ke kwance. Wannan tsari shekaru aka yi ana gina shi tun bayan rikicin rigakafin 2003, kuma a watan Agustan 2020 ɗin nan aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan inna ta daji. Unguwar da ta jawo matan nan cikin kwamiti ta samu sunayen mabuƙata a kwana biyu. Wadda ta bar wa maza kaɗai, sunayen majalisar shayi ta samu.

Ɗanlami: Tunda kin taɓo sunaye, mu shiga tallafi. Nan aka fi zagin masu unguwanni.

Malam: An zage su, wasu da haƙƙi, da yawa ba da haƙƙi ba. Kashin farko na tallafin jiha gidaje 50,000 aka ce. Raba wannan a mazaɓu 484, kowace mazaɓa gida ɗari da 'yan kai ke nan. Mazaɓa ɗaya a cikin birni kuwa tana da unguwanni da yawa da gidaje dubbai. Sai a miƙo wa mai unguwa 'yan katuna a ce ya zaɓa. Duk wanda ya zaɓa, ya saya wa kansa gaba da sauran.

Ɗanlami: To yaya ya kamata ya yi?

Malam: A rubuta ƙa'ida kafin kaya su iso, a karanta ta a lasifikar masallaci. Misali: na farko gidan marayu da zawarawan da ba mai ɗaukar nauyinsu, na biyu tsofaffi da naƙasassu, na uku wanda sai ya fita yake ci, ɗan dako, mai a-daidaita-sahu, mai facin taya, mai wankin hula. In aka faɗi ƙa'ida bayan an ga buhu, kowa zai ce don wane aka tsara ta. Sannan kada ɗan kwamiti ko na gidansa ya shiga kashin farko, ko da ya cancanta. Zai ji zafi, amma shi ke tsare mutuncin sauran aikin.

Hajiya: Akwai kuma lissafin kwano. Buhun shinkafa mai kilo 25 tiya goma ne, kusan. In an ba unguwa buhu arba'in alhali mabuƙata ɗari biyu ne, za a iya fasa buhunan a ba kowane gida tiya biyu. Tiya biyu ba ta kai gida mai mutum takwas ko'ina, kwana biyu ko uku ne. Amma a nawa ganin gara hakan, domin ranar da gida arba'in suka ɗauki buhu a idon gida ɗari da sittin, kwamitin ya mutu, ba wanda zai ƙara jin maganarsa kan takunkumin fuska ko sallar idi.

Malam: A nan na ɗan saɓa da ke, Hajiya. Gutsuttsura kaya har ya zama ba ya maganin komai shi ma asara ce. Gara a yi kashi-kashi, a ce wannan makon layin gabas, mako mai zuwa layin yamma, a manna takarda a bangon masallaci.

Hajiya: In akwai tabbacin mako mai zuwa, Malam. A 2020 babu wanda ke da shi.

Malam: Wannan kuma gaskiyarki.

Ɗanlami: Rabon kansa fa? An ga hotunan turmutsutsu.

Hajiya: Kada a tara mutane, shi ke nan. Da zarar an ce a zo firamare ƙarfe goma, an gama ɓata abin da kullen ke nema. Kaya su je gida. Baro biyu ko kura ɗaya, matasa uku, mace ɗaya mai riƙe da takarda, bayan magariba lokacin da kowa ke cikin gida. Mai karɓa ya dangwala. Ya fi sutura ma, don akwai magidancin da zai kwana da yunwa da ya tsaya a layi a gaban surukansa.

Ɗanlami: Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ɗaure min kai. A farkon Mayu aka sassauta, aka ce Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a fita sayayya, kasuwanni kuma ƙalilan aka buɗe, irin su 'Yankaba da 'Yan Lemo. Cinkoson da aka yi a ranakun nan ya fi na ranar da ba kulle.

Hajiya: Dole ne. Cinikin kwana bakwai aka matse cikin awa goma sha biyu, kasuwanni da yawa aka matse cikin 'yan kaɗan, kuma cikin azumi. In ka toshe rariya biyar ka bar ɗaya, ruwan bai ragu ba, ƙarfi ya ƙara. Wannan shi ne darasin da ya shafi duk wani biki a lokacin annoba: rage lokaci ko rage wuri ba ya rage mutane. Abin da ke rage cunkoso shi ne ƙara ƙofofi da ƙara sa'o'i. A matakin unguwa, dabarar ita ce a kawo kasuwa kusa: mai kayan miya ɗaya ko biyu su je sari da sunan layi guda, su kasa a wurare uku maimakon bakin titi ɗaya, mai injin markaɗe ya raba wa gidaje lokaci.

Ɗanlami: Allah gafarta Malam, azumin fa? Ba tafsiri, ba asham, ba itikafi.

Malam: Tafsiri ya koma rediyo da Facebook, wannan bai yi wuya ba, don Kano gari ne na rediyo tun asali. Asham kuwa asalinta nafila ce, yin ta a gida ba sabon abu ba ne a fiƙihu. Ladani ya yi kira ya ƙara da cewa a yi salla a gida, kuma wannan lafazi yana cikin hadisi, an yi shi saboda ruwan sama da sanyi tun zamanin sahabbai. Inda aka sha wuya Juma'a ce, har aka kama wasu limamai aka kai kotun tafi-da-gidanka. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne masallaci a azumi ba wurin salla kaɗai ba ne. Nan ake ajiye kunu da ƙosai, nan baƙo da ɗan dako ke buɗa-baki. Da aka rufe shi, wannan abincin ya tsaya. Kwamitin da ya farga ya mayar da shi ɗauki-ka-wuce: a ƙulla a leda tun la'asar, a ajiye a ƙofofi biyu ko uku, ba zama.

Hajiya: Ga almajirai kuma. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu, Kano ta kwashe da yawa zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna, wasunsu kuma aka same su da cutar bayan sun isa. Waɗanda suka rage a tsangaya ba damar bara, gidajen da suka saba ba su saura su ma ba saura. Raba yaran aka yi wa gidaje a wasu wurare, wannan gida kwano biyu, wancan uku, babban almajiri ɗaya ya zagaya ya karɓo.

Ɗanlami: Tashe ma bai samu ba, goma ga azumi ta faɗo tsakiyar kulle. Yara sun yi asarar shekara guda ta wasan. To mu zo idi. Gwamnatin jiha ta ba da izinin Juma'a da idi ana saura 'yan kwanaki, alhali majalisar ƙoli ta addinin Musulunci ƙarƙashin Sarkin Musulmi tana cewa a yi hattara da taro, malaman Kano ma ba bakinsu ɗaya ba.

Malam: Mai unguwa ba shi da ta cewa a wannan jayayya, shi dai an ce masa za a yi, ya shirya. Abin da ke hannunsa lissafi ne, kuma Hajiya ta fi ni iya shi.

Hajiya: Bari mu yi shi a fili. A sahu na yau da kullum mutum na cin kamar santimita 60 a faɗi da mita ɗaya da 'yan kai a tsawo, bai kai murabba'in mita ɗaya ba. In an ce tazarar mita biyu ta kowane gefe, mutum ɗaya ya ci murabba'in mita huɗu. Wato filin ya koma ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saba. Filin ƙwallo mai mita 100 da 60, wanda zai ɗauki kusan mutum 8,000 a matse, 1,500 zai ɗauka. Sauran 6,500 ina za su? In ba a tanadar musu wuri ba, za su cika titi kafaɗa da kafaɗa, tazarar ta tsaya a sahun gaba inda ake ɗaukar hoto.

Ɗanlami: Haka kuwa aka gani.

Hajiya: Maganin shi ne a ƙara filaye. Maimakon kowa ya nufi Ƙofar Mata ko babban filin yankinsa, kowane masallacin Juma'a da filin makaranta ya zama wurin idi. A fili, ba cikin gini ba, don iska ita ce babbar kariya. A ja layi da toka ko farar ƙasa tun daren jajibere, kowa ya zo da dardumarsa da alwalarsa. Sai wankin hannu. Mutum ɗaya a famfo, da sa sabulu da cuɗawa na daƙiƙa 20 da ɗauraya, rabin minti ne. Famfo ɗaya mutum 120 a awa. Mutum 1,500 cikin awa guda na buƙatar bokiti mai famfo 13. Ruwa kuma, a ce rabin lita kowa, lita 750, jarka 30 ke nan, kura uku ta 'yan garuwa. Abin da aka fi yi shi ne bokiti biyu a ƙofa ɗaya. Sai layi ya taru, a ji liman ya iso, kowa ya ture bokitin ya wuce.

Malam: Kuma fita ta fi shiga haɗari. Shiga a hankali ake yi cikin awa guda, fita kuwa minti biyar ce, ga musabaha ga runguma. Liman ya taƙaita huɗuba, ya faɗa da bakinsa cewa yau barka da sallah daga nesa ce, a sallami sahun baya tukuna, 'yan agaji su buɗe kowace kusurwa. In liman bai faɗa ba, ba wanda zai ƙi miƙa wa babansa hannu don ɗan agaji ya hana.

Ɗanlami: Dattawa fa da masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda aka ce su zauna a gida? Da yawa sun ji kamar an hana su sallah ne.

Malam: Sai a koya musu yadda ake yi, kada a tsaya ga "ku zauna". A mazhabar Malikiyya wanda bai samu idi tare da liman ba an so ya sallace ta. Raka'a biyu ce, ba kiran salla ba iƙama, kabbara bakwai a ta farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, kuma ba huɗuba a gida. Minti biyar ya isa a bayyana wannan a lasifika daren sallah. Dattijon da ya san zai yi wanka ya sa sabuwar riga ya yi kabbarorinsa, ya fi sauƙin lallashi.

Hajiya: Kafin mu wuce, maganar feshi. An kashe kuɗi wajen fesa magani a tituna da jikin mutane, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ba ya aiki, fesa wa mutum ma cutarwa ne. Inda ruwan bilic ke da amfani shi ne abin da hannu ke taɓawa: marfin ƙofa, kan famfo, makirufo, butoci. A duba jikin gorar. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, to awo ɗaya a awo 34 na ruwa, wato gorar rabin lita a ruwa lita 17. A haɗa sabo kullum don ƙarfinsa na raguwa in ya kwana, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, kada a sa a hannu a madadin sabulu. Takunkumin yadi kuma, wanda telolin unguwa suka yi ta ɗinkawa, ya zama ninki uku, a wanke kullum. Mai ninki ɗaya da ake rataye wa a haɓa don tsoron kotu ado ne.

Ɗanlami: Zakkar fidda kai fa, Malam? A ganina ita ce tallafin da ya fi na gwamnati isa ga mutane.

Malam: Ai ba a haɗa su. Sa'i ɗaya ne kan kowane rai, mudun Annabi huɗu, wajen kilo biyu da rabi, kusan tiya guda ke nan ta abin da aka fi ci a gari. Gida mai mutum goma tiya goma. Unguwa mai gida 500, ko rabinsu ne suka fitar, kowane gida mutum takwas, tiya 2,000 ce, buhu 50 na kilo ɗari. Wace gwamnati ta kawo wa unguwa ɗaya buhu 50? Matsalar ita ce an saba fitarwa da asubar sallah, mabuƙata su yi ta zagaya ƙofofi, mai ƙafa ya tara da yawa, mai kunya da mara lafiya su tashi a tutar babu. Malikiyya sun halatta a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin sallah. To a yi amfani da wannan: a tattara tun 28 ga wata, a bi takardar nan da matan suka rubuta, a kai gida-gida kafin a sauko idi. Sharaɗi ɗaya, kada a tilasta wa kowa ya kawo wa kwamiti. Mutum na da 'yan'uwansa matalauta da ya fi kowa sani.

Ɗanlami: Yanzu hawa. Ni dai har gobe ina ganin an yi rashin adalci. Kasuwa a buɗe, idi an yi, a watan Yuli ma an janye kullen tun 2 ga wata, amma aka ce ba Hawan Daushe, ba Nasarawa, ba Ɗorayi, sarakuna biyar na lokacin, na Kano da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye su je idi a mota.

Hajiya: Ƙanena, idi minti ashirin ne kuma ana iya raba shi wuri ɗari. Hawan Daushe ba ya rabuwa. Sarki ɗaya ne, hanya ɗaya ce, Ƙofar Kudu ɗaya ce, mutane na tsaye a matse tun azahar har magariba suna ihu, hakimai sun taho da jama'arsu daga kowace gunduma su kwana a birni su koma. Duk abin da na ce a kan ƙara ƙofofi ba ya aiki a nan. Kuma masarautu sun ɗanɗana rashi a watannin nan, Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila ya rasu a farkon Mayu, dattawan fada kuwa su ne rukunin da cutar ta fi kayarwa.

Malam: Amma Ɗanlami na da gaskiya ta wani gefen. An soke hawa ba a yi maganar masu ci da shi ba. Doki bai san an yi kulle ba, kullum sai ya ci dusa da harawa. Mai ba da hayar doki shekara yake kiwo don kwanakin nan. Ga masu ɗinkin kayan doki, baduƙai, masu naɗin rawani, maroƙa, masu algaita da kakaki, mai sayar da ruwa da rake a bakin hanya. Ba wanda ya rubuta sunansu a mabuƙata domin ba su saba roƙo ba. Haka telan da mutane suka kasa kai wa ɗinki, da mai kitso da mai lalle. Duk bikin da za a dakatar, tambaya ta farko ita ce wa ke cin abinci da shi, a sa su a kashi na uku na takardar.

Ɗanlami: Yawon sallar yara kuwa ba gwamnatin da ta iya hanawa.

Hajiya: Ba a hanawa, ragewa ake yi. A ce yara su tsaya cikin layinsu, kada a cusa su goma a a-daidaita-sahu zuwa gidan zu ko wata unguwa. Tuwon sallah yaro ɗaya ya kai, ya miƙa daga zaure. Gidan da ke da tsoho mara lafiya a gaida shi daga tsakar gida, a bar ɗakinsa. Yara ba su cika jigata da cutar ba, amma su ne ke shiga ɗaki goma a yini, na ƙarshe kuma ɗakin kaka ne don can goron sallah yake.

Ɗanlami: Babbar sallah ta zo da nata. Ba aikin hajji daga waje, Saudiyya ta taƙaita shi ga mazauna ƙasar.

Malam: Wato maniyyata duk suna gida, kowa kuma zai yi layya. Hana zirga-zirga tsakanin jihohi sai 1 ga Yuli aka ɗage, iyakokin ƙasa kuma a rufe suke tun Agustan 2019, ga shi dabbobi da yawa daga Nijar suke shigowa ta irin su Maigatari. Kasuwar dabbobi ranarta ɗaya a mako, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, don haka makon ƙarshe kowa ke afkawa. Dabarar unguwa a nan ita ce a wakilta mutum biyu da suka san dabba su sayo wa gida goma, tun saura mako biyu, a biya kuɗin kiwo. Ya fi araha ma, don kuɗin mota ɗaya ne.

Ɗanlami: Watanda fa? Da yawa sun koma haɗa kuɗi a sayi sa.

Malam: A bambance. Watanda ta nama ce, mutum ashirin ma sa iya haɗawa. Layya kuwa, a Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabba, sai dai mai ita ya shigar da iyalansa cikin lada. Sauran mazhabobi sun yarda mutum bakwai su haɗu a sa ɗaya. Kwamiti ya faɗa wa mutane wanne suke yi tun kafin a karɓi kuɗi, kada a zo ranar rabo ana gardama. Kuma ba a yanka sai liman ya yanka. In an ƙara filayen idi kamar yadda Hajiya ta ce, to a sanar da wane liman ake bi, a kuma tanadi yadda labari zai iso, ko ta lasifika ko ta waya.

Hajiya: Wurin fiɗa shi ne inda ake sake taruwa ba a sani ba. Sa ɗaya, mahauci da mataimaka biyu sun isa, sai wakili ɗaya mai ganin an kasa daidai. A kasa a leda, a rubuta suna, a aika. Mahaucin da ke bin gida takwas a yini ya wanke hannu da wuƙaƙe tsakanin gida da gida, ya yi aikinsa a waje. Kwanakin yanka uku ne, ba dole kowa ya yi ranar farko ba, in aka raba, mahauta ma sun huta. Sannan ƙarshen Yuli tsakiyar damina ce. A haƙa rami mai zurfin mita guda don jini da kayan tumbi, a rufe da ƙasa a ranar. In aka tura su kwata, ruwan sama ya kwaso su zuwa rijiyoyi, sai a tsere wa korona a faɗa wa amai da gudawa.

Ɗanlami: Fatun kuma?

Malam: A sa musu gishiri a ranar, a shanya a inuwa, wanda za a bai wa ya zo ya karɓa a wuri ɗaya maimakon yara su yi ta yawo da su. Ma'aji ya rubuta adadin da inda aka kai, ya haɗa da lissafin ruwa da sabulu da kuɗin kura, a karanta wa jama'a Juma'ar da ta biyo baya.

Ɗanlami: A nan za mu dakata. Mun gode Malam, mun gode Hajiya. Mako mai zuwa za mu ɗauki jana'iza da zaman makoki a wancan lokacin, wa ke wanka, mutum nawa ke raka gawa, da yadda aka yi da sadakar uku. Sai mun haɗu.